Goran Mamari a Kwarin Giginya

Ranar Lahadin da samarin Kwarin Giginya suka ƙudura kashe Malam Nu'uman, shi ko sunan ƙauyensu bai sani ba. Malami ne a jami'ar da ke Wudil, mutumin Gombe, kuma shekararsa biyu a garin bai taɓa saukowa ƙarƙashin gada ba. Kullum ta sama yake wucewa a mota, ya leƙa ruwan ta taga ya yi gaba. Matarsa Radiyya ce ta matsa masa. Ta ce abin kunya ne su je gida hutu a tambaye su labarin Wudil, su rasa abin faɗa sai sunan gidan mai. Saboda haka suka keɓe Asabar da Lahadi domin su zaga ƙauyukan bakin kogi, su ci kifi, su ga sana'o'in hannu.

Asabar ta wuce lafiya. Da safe suka tafi wajen Achika suka kalli masu saƙar tabarma da faifai, Radiyya ta cika bayan mota. Da rana suka dawo unguwar magina tukwane, suka tarar ana kwashe tukwanen da aka gasa. Wata tsohuwa tana ƙwanƙwasa kowace tukunya da ɗan yatsa tana saurare, wadda ta ji muryarta ta dushe sai ta maka ta da ƙasa ba tare da ta sake dubanta ba. Bayan la'asar suka sauka gindin gada wurin masu suyar kifi. Malam Nu'uman ya nuna wata tarwaɗa a cikin baho, mai kifin ya fizgo ta, ya danne ta da ƙafa, ya ba ta kulki uku a ka kafin ta daina motsi. Malam ya kau da fuska.

"Abban Muhsin, kai da ka zaɓe ta kai ne kake jin tausayinta?" in ji Radiyya. "To bari in ci rabonka, don kada zunubin ya yi maka yawa."

A nan gindin gadar suka haɗu da Haladu, wani dattijo mai fito, wanda ya haura saba'in amma har lokacin shi yake tura jirginsa da gwangwala. Jirgin katako ne mai ɗaukar mutum goma, da shi yake tsallakar da manoma da buhunansu tun yana saurayi. Bayan doguwar gaisuwa, Malam Nu'uman ya ce yana son ya ga inda ake gyaran goruna da saƙar koma, wato ragar kamun kifi. Haladu ya ce akwai wani ƙauye can ƙasa, tafiyar sa'a biyu a ruwa, su zo gobe da hantsi ya kai su.

Haladu ya san hanyar za ta bi da su ta gaban Kwarin Giginya, ya kuma san halin da ƙauyen yake ciki, domin ya je musu ta'aziyya. Masuntan wurin da mamari suke su. Mamari doguwar igiya ce da ake jera wa ƙugiyoyi ɗaruruwa, a shimfiɗa ta a ƙarƙashin ruwa, a ɗaura gora a kowane baki. Goran yana yawo a sama domin ya nuna inda igiyar take, kuma zanen da aka ƙona a jikinsa yana nuna mai ita. Tun farkon kaka wani ɓarawo yake ɗaga musu mamari yana kwashe kifi, in ya gama ya yanke igiyar ya sake ta. Kwana tara kafin wannan Lahadi, wani magidanci mai suna Yahuza ya shiga ruwa neman tasa, sai wata yankakkiyar igiya ta naɗe masa ƙafafu. Kwana biyu aka yi kafin a same shi, ƙugiyoyi sun kama shi tun daga idon sawu har wuya. Tun daga ranar ƙanensa Garzali da samarin ƙauyen suka bar kamun kifi, suka koma kwanto a cikin ciyawar bakin ruwa.

Da baƙin suka iso da hantsi, Haladu ya zaunar da su a tsakiyar jirgi ya yi musu gargaɗi. Kada a miƙe tsaye. Kada a koma gefe guda gaba ɗaya. In jirgi ya yi tangaɗi, a riƙe katako, kada a riƙe juna. Abu guda ne bai faɗa ba, wato kada a taɓa goran da ke kan ruwa, domin bai taɓa zaton akwai baligin da bai san wannan ba. A wurinsa faɗar haka daidai yake da a ce wa babban mutum kada ya sa hannu a aljihun wani.

Tafiyar farko ta yi daɗi. Ruwan kaka yana da ƙarfi, jirgin yana tafiya kusan da kansa. Suka wuce masu haƙar yashi da gonakin shinkafa. Radiyya tana ɗaukar hoto da waya, Malam Nu'uman yana tambayar sunan kowane tsuntsu, Haladu yana amsa wanda ya sani.

Daidai gaban Kwarin Giginya gindin jirgin ya goga wani tudun yashi. Haladu ya juya baya, ya kafa gwangwala, ya jingina ƙirjinsa yana turawa. A wannan lokaci ne wani gora ya biyo gefen jirgin, ja wur, da zanen kada a jikinsa.

"Radiyya, dubi aiki!" in ji Malam Nu'uman. "Wannan ya fi duk abin da muka gani jiya. Ruwa ne ya ƙwace wa wani."

Ya miƙa hannu ya cafko shi. Da ya ɗaga sai igiya ta biyo, ya ja, sai ga ƙatuwar tarwaɗa tana fafutuka. Ya fashe da dariya.

"Yi sauri ki ɗauke ni! Yau na zama masunci!"

Haladu ya waiwayo. Abin da ya gani ya sa gwangwalar ta kusa kuɓuce masa.

"Saki! Malam, saki, don girman Allah!"

Tsawar ta razana Malam Nu'uman, ya damƙe igiyar maimakon ya sake ta. Kifin ya fizga. Ƙugiyoyi uku suka nutse masa a tafin hannu, ɗaya ta huda tsakanin yatsu ta fito ta baya. Ya yi ƙara, ya girgiza hannun, sai wasu biyu suka kama masa hannun riga da fatar damtse. Yanzu ko ya so saki babu hali.

Wani ya yi fito da baki daga cikin ciyawa, wani ya amsa daga ɗaya gaɓar. Ƙananan jirage uku suka fito a guje.

"Garzali!" Haladu ya ɗaga hannu biyu. "Ni ne Haladu! Baƙo ne, bai sani ba!"

Dutse ne ya amsa masa. Ya same shi a saman gira, fatar ta tsage, jini ya rufe masa ido guda. Na biyu ya bugi katako kusa da gwiwar Radiyya. Garzali bai ko matso kusa da jirgin ba. Ya nufi ɗaya goran, ya ɗauke shi, ya naɗe igiyar a gindin jirginsa, ya ce wa abokansa su tura zuwa gaɓa. Igiyar ta miƙe ta fito daga ruwa tana rawa. Malam Nu'uman ya riƙe bakin jirgi da hannun hagu, Radiyya ta rungume ƙugunsa, amma naman hannunsa ne yake yagewa, dole ya bi. Ya faɗa ruwa da ka.

Haka suka ja shi har gaɓa, yana nutsewa yana tasowa, ruwan yana yin ja a bayansa. Kafin ƙafarsa ta taɓa yashi mutane sun fi talatin suna jira. Wani ya fara da gwangwala a gadon baya. Wani ya taka masa fuska cikin laka. Ya yi ƙoƙarin yin magana, sanda ta same shi a baki, haƙori biyu suka zube. Ba a jin komai sai "Shi ne!" da "A kashe shi!" da ƙarar itace a kan jiki.

Haladu ya goge jini da hannun riga ya tura jirgin da duk ƙarfin da ya rage masa. Tun ruwa yana iya ƙirji Radiyya ta dira, ta keta taron da gwiwar hannu, ta faɗa a kan mijinta ta lulluɓe shi da jikinta. Sanda ɗaya ta same ta a kafaɗa kafin masu dukan su ja da baya.

"Ku kashe mu tare!" ta ce. "Wallahi sai dai ku haɗa da ni! Mutumin da bai taɓa shiga jirgi ba sai yau, shi ne ɓarawonku?"

Ta zaro waya za ta nemi taimako, wani saurayi ya fizge ya wurga ta cikin kogi. Mata huɗu suka zo suka ɓamɓare ta daga jikin mijinta, suka riƙe ta gam tana fizge-fizge.

Garzali ya iso yana naɗe ragowar mamarin a hannu. Saurayi ne kakkaura, idanunsa sun yi ja saboda rashin barci. Ya tsaya a kan Malam Nu'uman ya dube shi.

"Kada wanda ya sake dukansa," ya ce. "Ba da sanda zai mutu ba. Yadda aka ciro Yaya haka za a ciro shi. Ku ɗaga min ƙafafunsa."

Suka ɗaga. Ya fara naɗa igiyar daga idon sawu, yana ja sai ƙugiya ta shiga nama sannan ya ƙara zagaye. Malam Nu'uman yana ta salati da fasasshen baki. Da Garzali ya kai gwiwa, sai ya ce a ɗauke shi a kai shi gurbi, wurin da ruwa ya fi zurfi a gindin giginyoyi.

Hanyar gurbin siririya ce, tsakanin ciyawa da ruwa. Haladu ya riga su. Ya tsaya a tsakiyarta, ya gicciya gwangwalarsa.

"Baba Haladu, matsa," in ji Garzali.

"Ba zan matsa ba. A jirgina ya shigo, da hannuna na zaunar da shi. Wanda zai kai shi gurbi sai ya fara kai ni."

"Da ma kai ne kake kawo su ke nan!"

"Ni na wanke gawar ubanka, Garzali. Faɗi wata maganar, wannan ba ta zauna ba. A kira min Gwadabe."

Ba a buƙaci kira ba, domin hayaniyar ta riga ta fito da shi. Gwadabe shi ne Sarkin Ruwan ƙauyen, sa'an Haladu ne kuma abokin wasansa tun suna yara. Ya taho yana dogara sanda, ya dubi mutumin da ke naɗe a ƙasa, ya dubi matar da aka riƙe, sannan ya dubi Haladu.

"Kai tsohon banza, me ka kwaso mana?"

"Malamin jami'a na kwaso, Sarki. Goran ya ba shi sha'awa."

"Malamin jami'a bai san mamari ba?" wani ya ce daga baya. "To me yake koyarwa?"

"Wallahi, Baba, karfasa da tarwaɗa ma ba ya bambance su sai an sa masa a faranti," in ji Radiyya tana kuka. "Ku duba aljihunsa, katinsa na aiki yana ciki. Ku dubi tafin hannunsa, hannun masunci ne wannan?"

"Ɓarawo ma yana da kati," in ji Garzali. "Da idona na gan shi. Ya ɗaga, ya ja, yana dariya. Yaya yana kabari, shi yana dariya!"

Gwadabe ya durƙusa da ƙyar, ya kama hannun hagun Malam Nu'uman, ya shafa tafin da babban yatsa. Ya daɗe yana shafawa.

"Wannan hannu bai taɓa jan igiya ba," ya ce. "Wanda yake yanke mana mamari ya san ruwa, kuma ba da rana tsaka yake zuwa da matarsa ba. Ku kwance shi."

Babu wanda ya motsa. Gwadabe ya maimaita, amma samarin suka dubi Garzali maimakon su dube shi. Kwana tara suna kwance cikin sauro da laka, kuma yau ne kaɗai suka kama wani abu da hannunsu.

"Sarki, ranar da aka ciro Yaya ka ce mu yi haƙuri," in ji Garzali. "Mun yi. Yau kuma haƙurin me za ka ce mu yi? An ɗaga ko ba a ɗaga ba?"

"An ɗaga."

"To shi ke nan. Ku ɗauko shi."

Suka ɗauke shi su huɗu. Garzali ya zaro kulkin kashe kifi daga ɗamararsa ya nufo Haladu.

"Karo na ƙarshe, Baba. Matsa."

Haladu bai matsa ba, bai kuma ɗaga gwangwalar don ya kare kansa ba. Kulkin ya sauka a tsakanin wuyansa da kafaɗa. Duk wanda yake wurin ya ji ƙarar ƙashin. Dattijon ya durƙushe a kan gwiwoyinsa, hannunsa na dama ya saki yana lilo, hularsa ta faɗa ruwa. Amma a kan hanyar ya durƙusa, bai kauce ba.

Dukan baƙon da ake zargi daban, karya tsohon da ya tsallakar da iyayensu mata zuwa asibiti daban. Ɗaya daga cikin masu ɗauke da Malam Nu'uman ya sauke ƙafar da yake riƙe da ita, sauran suka bi shi. Shi kansa Garzali ya tsaya yana duban kulkin.

Haladu ya yi numfashi sau uku kafin magana ta fito.

"Gwadabe, ka manta hukuncin garinku ne, ko tsufa ya cinye maka shi? Wanda aka ɗauko a jirgi kaya ne. Kaya ba ya laifi. In aka ɗaga mamari daga cikin jirgi, laifin na mai jirgi ne."

Gwadabe ya ɗago kai a hankali.

"Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani. Ni na riƙe wa mahaifinka igiya ranar da aka fasa jirgin Auta mai fito."

"To ka san ba fasawar ce kaɗai ba. Wanda aka fasa wa jirgi a nan, ba ya sake sa wani a ruwan nan har ya mutu."

"Na ce maka na sani. Kai ne kurma, ba ni ba."

Dattawan da suka taru a baya suka fara gyaɗa kai. Samarin da yawansu ba su taɓa ganin an yi wannan hukunci ba, amma sun ji labarin Auta, kuma sun san shi ne mafi tsananin abin da ƙauyen yake yi wa masunci ko mai fito. Malam Nu'uman ya buɗe ido guda, ya yi ƙoƙarin cewa a'a, jini ya shaƙe shi.

"Katako!" in ji Garzali. "Katako za a ba ni a madadin Yaya?"

"Yahuza ba shi da madadi," in ji Haladu. "Ko ka jefa mutum goma a gurbi ba za su zama madadinsa ba. In ka jefa wannan, ɓarawon yana nan da wuƙarsa, kai kuma za a zo a tafi da kai, uwarku ta rasa biyu. An ɗaga maka mamari daga jirgina. Ga jirgin can. Abin da nake ci da shi ke nan, ba ni da gona, ba ni da wani. Je ka karɓi hakkinka."

Gwadabe bai jira amsa ba. Ya san in ya bari taron ya huce ko ya sake zafi, maganar za ta kuɓuce masa.

"A jawo jirgin kan tudu! A kawo gatari!"

Wannan karon aka bi umarninsa. Mutum goma sha biyu suka shiga ruwa, suka turo jirgin har kan busasshen yashi, suka kife shi. Faifan Radiyya da kwanon abincinsu suka zube. Aka kawo gatari, Gwadabe ya karɓa ya miƙa wa Haladu, domin a al'adarsu mai jirgi ne yake saran farko, don kada a ce ƙwace aka yi masa.

Mutum biyu suka ɗaga Haladu suka kai shi. Ya riƙe gatarin da hannun hagu, ya dafa gindin jirgin da goshinsa na ɗan lokaci, sannan ya ja baya ya sara. Saran bai yi ƙarfi ba, ɗan ɓawon katako ne kawai ya tashi. Ya juya ƙotar ya miƙa wa Garzali.

Garzali ya dubi mutumin da ke kwance a hanyar gurbi, ya dubi gatarin. Ya jefar da kulkin ya karɓa.

Saransa na farko ya raba katakon ƙasa gida biyu. Na biyu ya ɓalle ƙusoshi. Daga nan bai sake tsayawa ba. Yana sara yana kiran sunan wansa, yana zagin ɓarawon da bai gani ba, yana zagin kogin. Tsinken katako ya tsage masa kunci bai ji ba. Da bakin gatarin ya maƙale sai ya taka da ƙafa ya fizge, ya koma. Samarin suka kewaye shi, kowa ya juya wa hanyar gurbi baya.

Gwadabe ya yi wa matan alama suka saki Radiyya. Ya aika aka kawo filaya da ruwan zafi da gishiri, ya zauna a ƙasa kusa da Malam Nu'uman.

"'Yata, danne masa kafaɗu. Ƙugiya ba ta komawa ta inda ta shiga, sai an tura ta gaba. Malam, ciji wannan."

Ya sa masa ƙullin tsumma a baki. Kowace ƙugiya sai ya tura ta ta huda fata ta fito, ya datse kan da filaya, sannan ya zare. Goma sha bakwai ya cire. Malam Nu'uman ya suma a ta shida, ya farfaɗo a ta goma sha ɗaya. Radiyya ta yage mayafinta aka ɗaure hannun da ƙafafun, ragowar kuma ta rataye wa Haladu hannunsa a wuya.

"Kada ku jira Garzali ya gaji," Gwadabe ya ce da Haladu ƙasa-ƙasa. "In katakon ya ƙare kuna nan, ban san abin da zai sara ba. Akwai amalanke a bayan masallaci, za a kai ku bakin titi."

"To, Sarki. Allah Ya ji ƙan Yahuza."

"Amin. Haladu..." Gwadabe ya share ido da bakin rawani. "Tafi, tsohon banza. Tafi kawai."

Aka kwantar da Malam Nu'uman a kan buhunan ƙaiƙayi, Radiyya ta ɗora kansa a cinyarta. Haladu ya zauna a bakin amalanken, ƙafafunsa suna lilo, fuskarsa tana kallon ƙauyen. Shanun suka ja. Hanyar ta bi ta cikin gonakin dawa, kowane rami sai dattijon ya cije leɓe. Sun yi nisa, giginyoyin sun ɓace, amma ana jin gatarin.

Malam Nu'uman ya motsa hannunsa mai lafiya ya kamo gefen rigar Haladu.

"Baba... ka yafe ni. Ban sani ba. Zan... duk abin da..."

"Rufe bakinka, Malam, jini kake haɗiya. Ni ne ban faɗa maka ba."

"Baba, yanzu da me za ka..." Radiyya ta fara, ta kasa ƙarasawa.

"'Yata, ɗaga masa kai sosai, kada ya shaƙe. Ki riƙa yi masa magana, kada ki bari ya yi barci kafin mu kai asibiti."

Ta ɗaga kan mijinta ta fara kiran sunansa. Haladu ya juya ya ce da mai amalanken ya bi ta hagu, ta nan ce ta fi kusa da titin Wudil, ya kuma taɓa shanun su ɗaga ƙafa.